Sana'ar Gina Abubuwan Tunawa a Katsina da Daura: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin matasa masu hannun zane da sassaƙa, da iyayensu, da kuma masu son a yi wa wani nasu abin tunawa, ko ƙofar gari ce, ko ginin tsakiyar shataletale, ko allon dutse mai ɗauke da suna. Wasu amsarsu gajeriya ce, wasu kuwa sai an gyara zama.

Malam, wai ana cin abinci da wannan sana'a a Katsina, ko sai mutum ya tafi Kudu?

Ana ci, amma ba irin cin da ake yi a Legas ko Benin ba. A can mai sassaƙa yana samun kwangilar mutum-mutumin gwamna, ko na basarake, ko na attajirin da 'ya'yansa suke son a kafa shi a ƙofar gida. A Ojota ta Legas akwai na Gani Fawehinmi da na M.K.O. Abiola. A Owerri kuwa, a 2017, gwamnatin Rochas Okorocha har na Jacob Zuma na Afirka ta Kudu ta kafa, aka yi ta surutu a ƙasar nan.

Mu ba haka muke tuna manyanmu ba. Sarki Muhammadu Dikko ya riƙe Katsina daga 1906 zuwa 1944, kuma filin wasa aka sa wa sunansa. Umaru Musa 'Yar'aduwa yana da jami'a da filin jirgin sama. Hassan Usman Katsina yana da kwalejin kimiyya da fasaha, Isa Kaita yana da kwalejin ilimi a Dutsinma, Yusufu Bala Usman yana da tasa a Daura. To kowane ɗaya daga cikin wuraren nan yana buƙatar ƙofar shiga, da tambari, da allon ƙaddamarwa, da wani abu da za a tsayar a tsakiyar harabarsa. Nan aikinka yake. Ƙara da shataletale, da ƙofofin shiga garuruwan ƙananan hukumomi, da gaban fadar hakimai.

Sai dai babbar kwangila ba kullum take zuwa ba. Tsakanin wannan da waccan, abin da yake riƙe mutum shi ne ƙananan ayyuka: adon ƙofar gida, da zanen bango, da mumbari da mihrabin masallaci, da kofunan gasar folo ko ta musabaƙa, da lambobin yabo da ake ba ma'aikaci ranar da ya aje aiki. Wanda ya raina waɗannan yana jiran gwamnati, zai sha zama.

Ɗana ya ce sassaƙa zai karanta a jami'a. Ni abin da ya dame ni addini ne. Ba gumaka zai je yana yi ba?

Alhaji, damuwarka tana kan hanya, kuma ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a nan.

Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin surar abu mai rai suna cikin Bukhari da Muslim, ba ɓoyayyu ba ne. Abin da ya fi shafar mai wannan sana'a kai tsaye ma shi ne bayanin Ibn Abbas a kan aya ta 23 ta Suratu Nuhu, inda aka ambaci Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru. Ya ce mutanen kirki ne, da suka rasu aka kafa musu alamu a wuraren zamansu don tunawa, da zamani ya ja ilimi ya gushe sai aka koma bauta musu. Ke nan abin tunawa na mutumin kirki shi ne ainihin ƙofar da ake tsoro. Malaman Malikiyya, waɗanda mazhabarsu aka fi bi a ƙasar Hausa, sun haramta surar mai rai idan tana da inuwa, wato tana tsaye da jikinta, kuma gaɓoɓinta sun cika. Wadda aka zana a shafe a bango ko takarda hukuncinta ya fi sauƙi a wurinsu, kuma an yi rangwame a kan 'yar tsanar yara.

Akwai waɗanda suka sassauta. Muhammad Abduhu na Masar, wanda ya rasu a 1905, yana cikinsu, kuma a Alƙahira har yau mutum-mutumin da Mahmud Mukhtar ya yi, wanda aka ƙaddamar a 1928, yana tsaye a bainar jama'a. Amma Katsina ba Alƙahira ba ce. Ko da mutum ya samo wa kansa fatawa, jama'ar da za su riƙa wucewa ta gaban aikin ba su karɓe ta ba, kuma abin tunawan da mutanen gari suke ƙyama ya riga ya faɗi tun ba a buɗe shi ba.

Mafita tana cikin wani hadisin na Ibn Abbas ɗin dai. Wani mutum ya zo masa ya ce da yin surori yake ciyar da iyalinsa. Da ya karanta masa gargaɗin ya ga hankalinsa ya tashi, sai ya ce masa in dai ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Wannan fili ne mai faɗin gaske, kuma shi ne filin da ɗanka zai yi noma a ciki idan ya dawo gida.

Abu ɗaya da ya kamata ku sani tun da wuri: a makaranta za a sa shi ya zana jikin mutum, ya kuma gina shi da yumɓu, don yana cikin darasi. Ku zauna da malamin da kuka amince da iliminsa ku warware wannan kafin ya cike fom, ba bayan ya shiga aji biyu ba.

To in babu fuska, ta yaya za a gane wanda ake tunawa?

A nan ake bambance gwani da mai kwaikwayo. Fuska ai ita ce hanya mafi sauƙi: ka ɗauki hoto, ka auna hanci da goshi, ka sa hula. Cire ta, sai ka tsaya ka tambayi kanka me mutumin nan ya yi a duniya, kuma wace siffa ce za ta faɗi hakan ba tare da baki ba.

Ɗan Katsina ma aka yi wa ɗaya daga cikin mafi kyawun misalai. Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997. A cibiyar da aka gina da sunansa a Abuja, gada aka yi wadda ta tashi ta miƙa sannan ta tsaya ba ta kai ƙarshe ba. Duk wanda ya san labarinsa ba ya buƙatar a yi masa bayani. Haka hubbaren Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, wanda shi ma a Kwalejin Katsina ya yi karatu: mai ziyara yana bi ta wani lungu mai duhu, haske yana ɗan ratsowa, kafin ya fito fili inda kabarin yake, sama a buɗe ba rufi. Tafiyar ita kanta ita ce labarin, daga mulkin mallaka zuwa 'yanci.

A waje ma haka. Abin tunawa da sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin Biyetnam, wanda aka buɗe a Washinton a 1982, bango ne kawai na baƙin dutse mai sheƙi da sunaye fiye da 58,000. Maya Lin ce ta tsara shi tana ɗaliba 'yar shekara 21. Da farko an yi ta sukarsa, wasu suka ce ba su ga jarumta a ciki ba, har sai da aka ƙara mutum-mutumin sojoji uku a gefe. Yau bangon ne mutane suke zuwa suna shafa sunan nasu. Alhazanmu kuma sun san ƙofar shiga Makka ta hanyar Jidda, mai siffar buɗaɗɗen Alƙur'ani a kan abin ɗora shi, da manyan ayyukan da suka cika shataletalen Jidda tun zamanin magajin garinta Muhammad Sa'id Farsi, har da wani ƙaton keke.

Mu kuma abin ɗauka ya yi mana yawa a gida. Ga Gajere, takobin sarautar Katsina, ga hasumiyar Gobarau, ga tambura da kakaki da algaita, ga allo da alƙalami na garin Wali Ɗanmarna da Wali Ɗanmasani, ga zanko da dagi da bakan gizo na magina. Sai dai ni abin da yake ba ni haushi shi ne yadda ake ɗaukar waɗannan a manna su kawai. An ce a tuna malami, sai a kafa ƙaton allo. An ce manomi, sai damin gero. An ce sarki, sai takubba biyu a gicciye. Wannan ba tunawa da mutum ba ne, tunawa da sana'arsa ce, kuma zai dace da kowane malami da kowane sarki. Ka je ka zauna da almajiransa. Wataƙila abin da aka san shi da shi wata itaciya ce da ya shekara yana karantarwa a ƙarƙashinta, ko wata rijiya da ya haƙa wa unguwa, ko wata magana da ba ta barin bakinsa. Daga nan aikin zai fito.

A ina ake koyo?

Hanya biyu ce, kuma wanda ya haɗa su shi ya fi.

Ta makaranta, Zariya ce mafi kusa kuma mafi tsufa. Sashen zane ya koma can daga Ibadan a 1955, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a nan ne su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai a 1958, suna cewa a koyi dabarar Bature amma a gina ta a kan fasahar gida. Digirin shekara 4 ne, ɗalibi yana fara koyon komai kafin ya ware ga sassaƙa. In ka shiga harabar ka nemi lambun da ake ajiye ayyukan ɗalibai, za ka ga yadda siminti da ƙarfe suke tsufa a rana da ruwa, wanda shi kansa darasi ne. Kwalejin fasaha ta Yaba da ta Auchi su ma sun yi suna a wannan fanni.

Ta gida kuwa, magina ne da maƙera da masassaƙa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bai shiga aji ba, kuma har yau masu digiri suna zuwa suna auna ɗaurin gugansa, wato rufin da ya ɗora a kan bakan gizo. Ka nemi tsohon maginin da ya iya zanen bango da hannu, ka yi masa yaro, ka kwaɓa ƙasa. Irinsu suna ƙarewa. Ka kuma riƙa shiga gidan tarihi da yake tsohuwar Kwalejin Katsina, ka kalli ginin kansa kafin ka kalli abin da aka ajiye a ciki.

Ni mai walda ne, ban yi boko mai zurfi ba. Zan iya shiga?

Ƙwarai kuwa. Rabin aikin ma a hannunka yake, don kusan kowane babban abu yana da ƙwarangwal na ƙarfe a ciki. Abin da za ka ƙara shi ne zane da awo: yadda za ka ɗauki abu mai tsawon kamu ɗaya ka mai da shi mai kamu ashirin ba tare da ya karkace ba. Ka riƙe littafin zane, kullum ka zana wani abu, ko buta ce.

Idan an ba mutum aiki, daga ina yake farawa?

Daga sauraro, sannan daga wurin. Kafin ka ja layi ɗaya ka je inda za a kafa abin, da safe da kuma la'asar. Ina rana take faɗowa? Daga nesa nawa za a hango shi? Mai tafiya a ƙasa zai kalle shi ko mai gudu a mota? Idan shataletale ne, direban da ya fito daga wannan titi zai iya ganin wanda ya fito daga wancan? Akwai wayar lantarki a sama ko bututun ruwa a ƙasa? Abin da ya yi kyau a cikin shago yakan zama ɗan tsurut idan aka fito da shi fili.

Daga nan sai zane, sai ƙaramin samfuri na yumɓu ko kwali ko filasta wanda za a iya ɗorawa a tebur. Samfurin nan shi ne ceton ka. Mai ba da aiki ba ya karanta zanen takarda, zai gyaɗa kai kawai, sai an gama ya ce ba haka ya nufa ba. Ka kai masa samfuri ya juya shi da hannunsa, in ya amince ya sa hannu a jikin hotonsa. In kwamiti ne, kowa ya sa.

Duk abin da ya fi tsawon mutum sosai, ka nemi injiniyan gini ya lissafa maka harsashi da kaurin rodi. Iskar farkon damina da take kwashe rufin kwano a garuruwanmu ba za ta ƙyale faffaɗan allon ƙarfe mai tsawon bene ba. Sannan izini: hukumar tsara birane ta jiha ga abin da yake kan titi, Hukumar Tarihi da Al'adu ga abin da ya taɓa ganuwa ko tsofaffin ƙofofi, fada kuma ga duk abin da ya shafi sarauta. Kada ka ɗauki alamar sarautar Katsina ko ta Daura ka sa a aiki ba ka kai gaisuwa ka nemi yarda ba, ko da gwamnati ce ta ba ka takarda.

Sauran aikin hannu ne: ƙwarangwal, gini da yumɓu, ɗaukar mazubi, zubi, gurza, ɗauka zuwa wurin, kafawa.

Wane kaya ne ya fi jure yanayinmu?

Abokan gabar aiki a nan huɗu ne: zafin bazara da yake wuce digiri 40, da bushewar hunturu da ƙurarsa, da ruwan damina mai zuwa da ƙarfi, da ɗan Adam.

Siminti da rodi shi aka fi amfani da shi, kuma yana daɗewa idan an yi shi bisa ƙa'ida. Matsalar ita ce gaggawa. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. A hunturu iska tana shanye ruwansa tun bai kama ba, sai ka ga ya yi tsaga-tsaga. A rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Rodi kuma kada ya matso fatar aikin, don da zarar laima ta same shi zai yi tsatsa, tsatsa tana kumbura, sai ta fasa simintin daga ciki. Yawancin gine-ginen shataletale da ka ga suna ɓarewa wannan ne ciwonsu.

Faiba, wato robar da aka ƙarfafa da zaren gilashi, ba ta da nauyi, tana da araha, tana kuma ɗaukar kowace siffa, shi ya sa 'yan kwangila suke sonta. Ranar buɗewa ba abin da ya kai ta ƙyalli. Amma rana tana cin ta, launi ya koɗe, jiki ya yi gautsi. Ni ba na ba da shawararta ga abin da ake son jikoki su gani.

Ƙarfe yana da kyau a nan fiye da bakin teku, don iskarmu ba gishiri, amma sai an kankare shi an shafa jan fentin hana tsatsa kafin na ado, kuma a huda ƙasan kowane bututu don ruwa ya fita.

Tagulla ita ce sarauniya. Ana gina siffar da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Haka maƙeran unguwar Igun ta Benin suke yi tun ɗaruruwan shekaru. Ben Enwonwu da tagulla ya yi mutum-mutumin Sarauniyar Ingila a shekarun 1950. Ba ta ruɓewa, tsufa ma kyau yake ƙara mata. Amma tana da tsada, babban zubi sai an fita da shi wajen jiha, kuma 'yan jari-bola sun san kuɗinta a kan sikeli. Wanda zai sa allon tagulla a titi ya binne kusoshinsa cikin kankare ta yadda sai an fasa ginin za a cire.

Ga rubutu, baƙin dutse mai tauri irin wanda ake fasawa a ma'aikatar fasa dutse ya fi mabul. Mabul yana da laushi, jar ƙura tana shiga jikinsa ta zauna.

Sai laka. Kada a raina ta. Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kusan mita 15, wadda ake danganta asalinta da zamanin Muhammadu Korau, da ƙasa aka gina ta. Magina suna da makuba ta kwasfar ɗorawa, suna da laso na katsi da gashin jima da dafara, waɗanda suke hana ruwa shiga bango. Amma ginin ƙasa kamar doki ne, ba sayensa ke da wuya ba, riƙonsa. In babu wanda ya ɗauki alkawarin yaɓe bayan damina, kada ka fara. Kuskuren da aka fi yi kuma shi ne a shafe ginin ƙasa da siminti wai don ya daɗe: laima ta shiga ta rasa hanyar fita, ƙasar ta ruɓe a ciki, wata rana ɓawon ya zubo gaba ɗaya.

Yaya ake yanka kuɗin aiki, kuma yaya mutum zai kauce wa a cinye shi?

Ka lissafa kaya, da ladan yara, da injiniya, da mota da injin ɗaga kaya, da man janareta, da kwanakinka, sannan ka sa kuɗin tunani daban. Matasa sukan manta da na ƙarshen nan, su yi farashi kamar birkila, alhali zanen shi ne abin da aka zo nema wurinsu. Samfuri ma kuɗi ne. Akwai masu karɓar samfurinka su ce za su yi shawara, bayan wata biyu ka ga wani ya gina shi a rabin farashi.

A rubuta yarjejeniya, ko da da ɗan'uwanka ne. A raba biya kashi-kashi: kafin alƙalami da zai isa sayen kaya, wani in an gama ƙwarangwal, wani in an kafa, ragowar ranar miƙawa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin siminti da rodi ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka ka rubuta kwanakin da farashinka zai yi yana aiki, kuma ranar da kuɗi suka shigo hannunka ka sayi kayan.

Aikin gwamnati yana son kamfani mai rajista da takardun haraji. Galibi mai sassaƙa ba shi ne mai takardar ba, wani ɗan kwangila ne ya samo ya ba shi. In haka ne, yarjejeniyarka da shi take, kada ka yarda da "sai an biya ni in biya ka". Kuma ka yi hattara da aikin da aka ce dole a gama kafin zuwan babban baƙo, ko wanda aka bayar ana saura 'yan watanni gwamnati ta sauka. Na farko zai sa ka yi fenti a kan ɗanyen siminti, na biyu zai bar ka kana bin bashin wanda ba ya ofis.

Mahaifinmu ya rasu, muna son a gyara kabarinsa a yi masa wani abu mai kyau. Za ka yi?

Hajiya, Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. A kan kabari dai a'a. Hadisin Jabir da yake cikin Muslim ya hana shafe kabari da gini a kansa, kuma ko ba don haka ba, maƙabartunmu ba su saba da wannan ba. Shugaban ƙasa guda, Umaru Musa, da ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2010, maƙabartar Ɗanmarna aka kai shi cikin 'yan'uwansa Musulmi.

Ku fito da abin waje, inda masu rai za su amfana. Ku duba Daura: abin da ya riƙe labarin Bayajida da Daurama tsawon zamani, wanda baƙi suke zuwa gani daga ko'ina, rijiya ce, Kusugu. Rijiyar burtsatse, ko aji a Islamiyya, ko rumfar jiran marasa lafiya a asibiti, ko wurin alwala, duk sadaka ce mai gudana, kuma duk suna da wurin da mai fasaha zai sa hannu. Tankin ruwa ba dole ne ya zama baƙar roba a kan ƙafafun ƙarfe huɗu ba. Ana iya yi masa jiki mai zanko, da dakalin zama, da magudanar da za ta kai ruwan da ya zuba gindin itace, da ƙaramin allo mai neman addu'a. Sai dai ku 'ya'ya ku fara daidaita bakinku. In gidan mai ɗakuna ne, a wakilta mutum ɗaya da kowane ɗaki ya yarda da shi, don kada mai aiki ya zama shi ne alƙalin rabon gado.

Me za a rubuta a allon, kuma da wane harshe?

Kaɗan. Suna, da sarauta in akwai, da shekarun Hijira da na Miladiyya, da layi ɗaya. Sau da yawa sai ka ga sunan wanda ya ƙaddamar da aikin, da jerin muƙamansa, ya fi na wanda ake tunawa girma. Ka yi ƙoƙari ka hana, ko da yake ba kullum za a ji maganarka ba.

A sa Hausa, da boko da ajami in wuri ya isa. A tabbatar injin da zai yanka haruffan yana da ƙ da ɗ da ɓ, don abin kunya ne a rubuta sunan Ƙofar Ƙaura ko na Ɗanmarna ba lanƙwasa a tsakiyar Katsina. Mutum uku su karanta rubutun kafin a taɓa dutse, ɗaya daga cikinsu na gidan mamacin. Ayar Alƙur'ani kuwa kada a sa ta ƙasa-ƙasa a bakin titi, inda ƙura da awaki da masu manna fastar siyasa za su kai gare ta.

Mace fa?

Ba abin da ya hana. Elizabeth Olowu, 'yar Oba Akenzua na Biyu, ta shiga zubin tagulla a Benin inda aka ɗauka aikin maza ne. Sokari Douglas Camp da walda take aiki, ita ta ƙera motar bas ta ƙarfe don tunawa da Ken Saro-Wiwa da abokan gwagwarmayarsa takwas da aka rataye a 1995. Ladi Kwali maginiyar tukwane tana bayan takardar naira 20. Tsara aiki da samfuri da rubutu ba sa buƙatar ƙarfin damtse, ɗaukar nauyi kuwa ko namiji yara yake sawa.

In na gama aka biya ni, aikin nawa ne ko nasu? Kuma in wata gwamnati ta zo ta rushe fa?

Ginin nasu ne. Haƙƙin zanen kuwa, wato wa yake da ikon sake yin irinsa ko buga shi a riga da kalanda, wannan a rubuta shi ƙarara a yarjejeniya, musamman in gwamnati ce ta ba da aikin. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare aikin fasaha tsawon ran mai shi da shekara 70 bayan rasuwarsa, amma abin da ka sa wa hannu shi za a fara dubawa.

Rushewa kuwa tana faruwa, kuma ba ka da yadda za ka yi. Ginin shataletalen gidan gwamnatin Kano, wanda aka yi don cikar jihar shekara 50 a 2017, an rushe shi a watan Yunin 2023 bayan sauyin gwamnati. An ba da dalilin tsaro da tare wa direbobi gani, wani babban jami'i kuma ya ce in an kalle shi daga sama ana ganin siffar gicciye. Ka ga ke nan yanzu har ta sama sai ka duba samfurinka, tun da kowa yana iya tayar da na'urar ɗaukar hoto. Wani lokacin kuma ba siyasa ba ce, gari ne ya girma: a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya na Katsina gadar ƙasa ce yanzu a inda motoci suke zagayawa a da.

Abin da za ka iya yi shi ne ka ƙera aikin gunduwa-gunduwa, a ɗaure da noti, yadda za a iya kwance shi a kai wani wuri maimakon a sa masa katafila. Ka nemi a rubuta cewa za a sanar da kai kafin a taɓa shi ko a sake masa fenti, ka kuma miƙa takarda mai bayanin irin fentin da lokacin wanki da wanda zai kula. Ka sa sunanka da shekara a gindin aikin ta baya. Samfurin da zanen injiniya da hotunan kowane mataki kuwa su zauna a wurinka, don da su za ka nemi aiki na gaba.